Girgizar La'asar a Zongon Lome

Shekarun baya can, lokacin da jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar Togo, hoton mutum ɗaya kuma a bangon kowane ofis, na taɓa shiga wani hali da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. 'Yar ƙanwata ce ta tono mini shi kwanan nan. Ta ga wani tsohon akwatin katako a saman kabad ɗina, ta ce ko rediyon kakanni ne. Na ce mata ba rediyo ba ne, girgizar ƙasa ce a ciki. Ta yi mini irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. To ga labarin, ku ma ku ji yadda aka yi.

A Zongon Lome aka haife ni, iyayena kuma asalinsu daga Nijeriya suke. Lokacin da abin ya faru an riga an tashe mu daga tsohon Zongo na tsakiyar gari, an mai da mu can arewa, inda fili ya fi gidaje yawa. Na yi bokon Faransanci, na karanci aikin lantarki, ni kaɗai mace a ajinmu. 'Yan unguwa ba su taɓa gane abin da na karanta ba. Duk wanda rediyonsa ya yi shiru sai ya aiko mini da shi, wata maƙwabciya ma har dutsen gugarta na gawayi ta taɓa aiko mini wai in duba.

Da na gama, sai na samu aikin gwaji a wani ɗan ofis da ke unguwar Nyékonakpoè, inda ake sa ido a kan motsin ƙasa. Gwaji ne kawai, ba a ɗauke ni ba tukuna. Maigidana a wurin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ewe, mai furfura da yawan taka-tsantsan, kowa Patron yake ce masa. Ranar farko ya gaya mini a fili cewa bai taɓa aiki da mace a kan waya da dalma ba, amma zai gani.

Na'urar awon kashi uku ce. Akwai wani ɗan gwangwani da ake binnewa a ƙasa, cikinsa maganaɗisu ne da naɗin waya, in ƙasa ta motsa sai ya fitar da 'yar wutar lantarki mitsitsiya. Mu kunnen ƙasa muke ce masa. Sai ampili, mai ƙara wa wannan 'yar wutar ƙarfi. Sai ganga mai juyawa a hankali da takarda a jikinta, da alƙalamin tawada da ke zana duk abin da ampili ya gaya masa. In ƙasa na kwance lafiya, layi ne miƙaƙƙe. In ta motsa, alƙalami ya yi sama da ƙasa.

A cikin gari ba a iya binne kunnen, don igiyar teku da manyan motocin tashar jiragen ruwa ba sa barinsa ya huta. Ni da bakina na ce akwai fili a bayan gidanmu na Zongo, shiru kamar maƙabarta. Aka je aka duba da hantsi, aka ga haka ne, aka gina ɗan ɗaki jikin katangarmu ta baya, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Makulli yana hannun direban ofis, shi ke zuwa kowace safiya ya canza takarda ya kawo. Ni da ɗakin yake bayan gidan ubana, ban da ikon shiga, don kayan gwamnati ne, ni kuma 'yar gwaji ce.

Tsohon ampilin da aka kawo daga Turai ya riga ya tsufa, ya zama rabin kurma. Sai ka yi tsalle a kusa da shi kafin alƙalami ya ɗan kaɗa. An rubuta a aiko da sabo, shiru. Ni kuwa da zafin kan ƙuruciya na ce zan haɗa wani. Patron ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ma fille, 'yata, wannan ba rediyo ba ne fa." Na ce na sani, Patron. Na yi makonni ina haɗawa, na ƙone yatsu da dalma ba adadi, har ya kammala. Aka je da safe aka ɗora shi, Patron ya buga ƙafa a ƙasa, alƙalami ya yi wani tsalle har ya kusa fita daga takarda. Ya ce, "Bon." A bakinsa wannan kalma ɗaya yabo ne babba. Na dawo gida ranar kaina ya kusa taɓa rufi. Da magariba aka ga wata, washegari muka tashi da azumi.

Takardar ranar farko ta azumi da direba ya kawo ba ta zo da daɗi ba. Layi ya tafi sumul tun safe, amma daga la'asar zuwa gab da magariba sai wani baƙin dagwalgwalo mai kauri, kamar kaza ta taka tawada. Washegari haka. Wanshekare haka. Ranar Lahadi kuwa ta fi kowace rana muni, alƙalamin har yaga takardar ya yi.

Patron ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa, ya rage murya, kamar yadda kowa ke yi a wancan zamani in zai faɗi abin da ya shafi hukuma.

"Ɗayan biyu ne," ya ce. "Ko dai ƙasa na rawa a ƙarƙashin Lome kowace yamma, ko kuma ampilinki ne ke hauka in zafin rana ya dake shi. Kin san abin da zai faru da wanda ya rubuta wa na sama cewa ƙasa na girgiza, alhali ƙarya ne? Za su ce muna tayar da hankalin jama'a. Ba ke kaɗai za a nema ba."

Na ce, "Patron, a ba ni makulli in zauna a ɗakin da yamma in gani."

Ya girgiza kai. Ya ce shi ya riga ya san ciwon, ya sha ganin ampili mai irin wannan shessheƙa in ya ɗumama. Sannan ya gaya mini abin da ya fi tayar mini da hankali. Baturen da hukumarsu ta ba mu aron kayan zai zo kafin salla. In ya zo, za a cire nawa a mai da tsohon kurman, a ce masa ana jiran sabo. Gwajina kuma ya ƙare ke nan. Bai faɗa da mugunta ba, har ma ya ce zai rubuta mini takardar shaida mai kyau in nemi aiki a shagon gyara. Wannan tausayin ya fi zagi yi mini ciwo.

Gaskiya na ji tsoro, don ni kaina ban tabbata ampilin nawa lafiya yake ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu yadda za a yi in wanke shi ko in kama shi. Gwajin da muka sani ɗaya ne, a buga ƙafa a ƙasa, wannan kuwa yana nuna na'ura na da rai ne kawai, ba ya nuna tana faɗin gaskiya. Akwai injin gwaji a ofis mai fitar da sauti, amma na masu rediyo ne, ba ya iya yin a hankali. Motsin ƙasa kuwa nawa gare shi, lilo ne a hankali wanda kunnen mutum ba ya ji. Girgizar gaske kuma ba a kiranta ta zo.

A cikin taksi, a hanyar komawa Zongo, tunanin ya zo mini. Tunda ba zan iya sa ƙasa ta girgiza ba, me zai hana in cire kunnen, in ba ampili wata girgiza da ni na ƙera, wadda na san tsawonta da faɗinta tun kafin ta shiga? In alƙalami ya zana abin da na zuba, ampili ya fita. In ya zana wani abu dabam, sai in tattara kayana in tafi ba tare da an kore ni ba.

A makaranta an taɓa nuna mana wata 'yar ƙwayar lantarki mai ƙafafu kamar shanshani, wadda aikinta ɗaya ne: ka ba ta lamba, ta mayar maka da ita wutar lantarki daidai girman lambar. Lamba babba, wuta mai yawa. Lamba ƙarama, wuta kaɗan. Turawa convertisseur suke ce mata, ni kuwa mai juya lamba na raɗa mata. In ka jera mata lambobi ɗaya bayan ɗaya, masu hawa da sauka, sai wutar ma ta riƙa hawa da sauka, da irin saurin da ka ga dama. Matsalar kawai, a allo na taɓa ganinta, ban taɓa riƙe ta a hannu ba.

Sai na nufi unguwar Adidogomé wurin wani abokina. Ajinmu ɗaya da shi, shi ya buɗe rumfar gyaran rediyo da lasifika a bakin kasuwa, ba abin da yake jefarwa. Na zana masa abin da nake so a bayan kwalin sabulu.

Ya ce, "Injiniya, attends, dakata. Girgizar ƙasa za ki sa a akwati? A wannan garin? In soja ya tare ki ya ce mene ne a ciki, don Allah ki ce rediyo ne, kuma ba ki san ni ba."

Ya yi ta tone-tone har ya jawo gawar wani fiyanon lantarki da ruwan sama ya kashe wa wasu makaɗa. A cikinsa muka samu mai juya lambar. Ya kuma ba ni wata ƙwayar, ta ajiyar lambobi, mai 'yar tagar gilashi a bayanta, da wani allo mai maɓallai da ake shigar mata da lambobin da hannu. Ya ce amma akwai tsohon karatu a cikinta, kuma ba ya gogewa sai da wata fitila ta musamman da ba mu da ita, ko kuma a shanya ta a rana ta yi kwanaki.

Haka na hau rufin kicin ɗinmu na shanya ta a kan faifai, kusa da kuɓewar mahaifiyata. Mahaifiyata mace ce mai jiki da murya, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta gama gaya wa Zongo kaf cewa 'yarta ce ke sauraron cikin ƙasa wa gwamnati. Ta ɗaga faifan ta juya shi ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ƙwaron kuma miyar me za a yi da shi?"

Na ce, "Mma, don Allah kar a taɓa, aikina ne a ciki."

Ta ce, "To Allah ya nuna mana. Ni dai ban taɓa ganin aikin gwamnati da ake shanyawa ba."

Amma kullum hadari ya taso ita ke fara rugawa ta sauke shi, kafin ma ta kwashe kuɓewarta.

Kafin ƙwayar ta goge, na zauna da takarda mai gida-gida ina mai da zane ya zama lamba. Na shirya iri uku. Na farko lilo ne mai kyau, sama da ƙasa daidai wa daida. Na biyu tsalle ɗaya ne, a hau a tsaya, don a ga yadda ampili ke komawa hayyacinsa. Na uku kuwa na ɗauko shi ne daga wata tsohuwar takarda da Patron ya sa a gilashi ya rataye a ofis, ta wata girgizar gaske da aka taɓa kamawa a wata ƙasa maƙwabciya tun yana saurayi. Yana ji da takardar nan kamar hoton aurensa. Na faki idonsa lokacin hutun rana na ɗora farar takarda a kai na kwafe ta tsaf.

Shigar da lambobin shi ne azabar. Ɗaruruwa ne, kowace sai ka jera maɓallai ka danna, kuma in ka yi kuskure ɗaya babu gyara sai a koma shanya. Bayan sahur nake yi, in gari ya ɗan waye, kafin in fita aiki, ina yi ina addu'a. Lokacin yamma kuwa ba nawa ba ne. Ranakun aiki ina ofis, sai an sha ruwa nake isowa gida. Asabar da yamma dole duk ma'aikaci ya je filin animasiyo, wato rawa da waƙar jam'iyya, mu sa atamfa iri ɗaya mu yi ta juyi da tafi, ni da bakin azumi maƙogwaro a bushe. Lahadi kuma mahaifiyata ba ta ɗaga mini ƙafa. Ta ce duk mako ta bar ni da wayoyina, ranar nan ɗaya tata ce.

Da na haɗa komai a cikin akwatin katakon nan, na jona shi da mitar awo mai allura. Allurar ta fara tafiya, amma tana tsalle-tsalle kamar mai hawa matakala, don lambobin ɗaya-ɗaya suke shigowa. Na koma wurin abokina, muka ƙara abin da zai sulɓe matakalar, muka kuma rage ƙarfin wutar sosai har ta zama 'yar mitsitsiya irin ta kunnen ƙasa. Muka sake kunnawa. Allurar ta yi dama a hankali, ta dawo hagu a hankali, ba gargada. Abokina ya cire hularsa ya ce, "Ma sœur, kin ga abin nan numfashi yake yi." Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, na ce hayaƙin dalma ne.

Sai ga Baturen ya iso tun kafin ranar da ake tsammani. Dogo ne siriri, rana ta gasa masa wuya ya yi ja. Patron ya shimfiɗa masa takardun, ya fara bayanin zafi da shessheƙar ampili. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, sai na ji bakina yana cewa ina roƙon a ba ni yamma ɗaya a ɗakin awo, a gabansu, kafin a cire. Patron ya zare mini ido. Baturen ya tambayi abin da ke cikin akwatin da na rungume. Na yi masa bayani. Ya ɗaga gira ya ce shi ma yana so ya gani.

Muka isa Zongo rana na tsakiyar dukanta, aka buɗe kwaɗo. Ɗakin kamar tanda. Patron ya ce madalla, zafin da ake nema ke nan. Na durƙusa na cire wayar kunnen ƙasa, na jona akwatina a madadinta. Ban taɓa haɗa akwatin da ampilin ba sai ranar. Na yi bisimilla a zuci na kunna na farko.

Alƙalami ya tashi a hankali, ya sauka a hankali, ya bar lilo mai tsabta a takarda. Baturen ya ciro 'yar rula daga aljihu ya auna, ya dubi zanen da na yi tun a gida, ya sake aunawa. Na canza sauri, ya bi. Na kunna tsallen, ya hau ya dawo ya kwanta. Patron ya ce a jira tukuna, lokacin haukar bai yi ba. Muka zauna muna zufa har aka kira la'asar, na je na yi salla a gindin bishiya na dawo. Akwati na ta zuba lilo, alƙalami na ta zanawa, ko ɗigon dagwalgwalo babu.

Sannan na kunna na ukun, ban gaya wa kowa mene ne ba. Alƙalami ya ɗan yi rawa ƙanana, ya lafa, sai ya ɓarke da manyan tsalle, ya riƙa raguwa har ya kwanta. Patron ya sunkuya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"C'est pas possible, ba zai yiwu ba," ya ce. "Wannan ai tawa ce. Wannan girgizata ce ta bango!"

Na ce, "Ita ce, Patron. Aro na yi."

Ya daɗe yana kallon takardar. Daga nan ya juyo ya ce, a gaban Baturen, "Ampilin yarinyar nan ba shi da laifi. Ni ne na yanke masa hukunci ban saurare shi ba." Wallahi da a ce ba azumi nake ba, da na ce daɗin da na ji ya fi na ruwan sanyi.

Amma murnar ba ta daɗe ba, don fuskar Patron ta sake canzawa. In ampili gaskiya yake faɗa, to ƙasa ce ke rawa ke nan, wannan kuwa shi ne abin da ya fi tsoro tun farko. Baturen ya ce a mai da kunnen. Ina jona wayar, alƙalami ya haukace, baƙin dagwalgwalon nan ya fara fitowa a gaban idonmu. Baturen ya murɗa wani maɓalli ya ƙara wa gangar gudu don zanen ya baje. Sai dagwalgwalon ya warware ya zama duka ɗaya-ɗaya, a jere: uku a tare, uku a tare, sai ɗan gibi, sai uku kuma.

Ina kallon gibin nan, sai na ji tafi ta bayan katanga, daidai lokacin da alƙalami ya tsaya. Ya sake tsayawa, aka sake tafawa. Sai a lokacin kunnena ya buɗe na ji sautin da tun muna zaune yake tashi, wanda na saba da shi tun ina goye har na daina jinsa. Lugude ne. Taɓarya uku a turmi, mace ta cilla tata sama ta tafa ta cafe.

Na ce, "Patron, ku biyo ni."

Muka zagaya ta ƙofar gida. Al'adar mahaifiyata ce duk azumi ta yi furar sadaka da ake kaiwa masallaci don buɗa-baki, matan layinmu su taru su taya ta daka. Kuma da yake inuwar yamma jikin katangar baya take faɗawa, can take sa a mirgina manyan turamen, taku kaɗan daga inda muka binne kunnen ƙasa. Da ba azumi ba, ɗan dakan gidanmu a bakin kicin ake yinsa, can gaba, tsohon kurman ampili kuma bai taɓa jin komai ba. Nawa mai kaifin ji aka ɗora ana gobe azumi, shi ya sa laifin ya hau kansa.

Matan suka ga Bature da dattijo da kwat sun shigo, suka tsaya cak da taɓare a hannu. Direba da muka bari a ɗakin awo ya leƙo ta saman katanga ya yi ihu wai alƙalami ya kwanta. Baturen ya roƙi a ci gaba. Aka ci gaba, direba ya ce ya tashi. A tsaya, ya kwanta. Baturen ya yi dariya har ya dafa bango, daga baya ma ya karɓi taɓarya ya gwada, ya kusa fasa wa kansa ƙafa, matan suka yi ta shewa.

Mahaifiyata ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ke, me suke cewa ne?"

Na ce, "Mma, girgizar ƙasar da ta kusa cinye mini aiki, ashe ke ce."

Ta ce, "Ni? To ai sai su gode Allah gero ne, da sakwara ce da Lome ta nutse."

Na fassara wa Patron, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Sai ya buɗe jakarsa ya ciro yagaggiyar takardar Lahadi, ya ce akwai abu ɗaya da bai gane ba, me ya sa ta Lahadi ta fi muni haka? Na ji kunya ta rufe ni tun kafin in fassara, don na riga na san amsar. Mahaifiyata kuwa ko jira ba ta yi ba, ta nuna ni da taɓarya.

"Lahadi ai ita ke daka. Kuma tun da azumin nan ya kama da fushi take yi, kamar turmin ne ya yi mata laifi."

Haka ne kuwa. Duk baƙin cikin ampilina a kan geron nan nake sauke shi, ina daka ina tsine wa abin da ke ɓata mini takarda.

Ba a cire ampilina ba. Kunnen ƙasa aka tone aka kai wata gona can nesa da gidaje, inda babu mai daka. Baturen ya zauna a tabarmar tsakar gidanmu ya kwafi zanen akwatina a littafinsa, ya sha fura da aka sha ruwa, ya ce a wurinsu ma da irin wannan dabarar ake gwada na'ura, sai dai nasu ba a shanya shi da kuɓewa. Bayan salla aka ɗauke ni aiki sosai. Patron da kansa ya miƙo mini makullin sabon ɗakin awo, ya ce daga yau duk mako a jona akwatin a tabbatar na'ura na faɗin gaskiya kafin a yarda da abin da ta zana. Buga ƙafa a ƙasa kuwa daga ranar aka daina.

Abin da na ɗauka daga wannan, wanda na yi ta gaya wa yaran da suka koyi aiki a hannuna daga baya, shi ne in ana zargin aikinka, gardama ba ta wanke shi. Ka zuba masa abin da ka san amsarsa, a gaban kowa, ka ja da baya ka yi shiru. Ka kuma shirya wa cewa amsar tana iya kayar da kai, don ni ma ranar ban san yadda za ta kaya ba. Sannan kafin ka tafi neman dalili a can nesa, ka leƙa bayan katangar gidanku.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa 'yar ƙanwar tawa ba sai da ta matsa. Zane uku na ce na shirya, amma maɓallin akwatin yana da wuri huɗu. Bayan komai ya lafa, na ɗauki takardar ranar nan, wadda Baturen ya baje, na mai da luguden ya zama lambobi na shigar, don mu riƙa nuna wa sababbin ma'aikata bambancin daka da girgiza. A lokacin wasa na ɗauke shi. Mahaifiyata ta rasu shekaru da yawa yanzu, ba mu da muryarta a kaset, hotonta ma ɗaya ne kuma ya dusashe. Ranar da yarinyar ta matsa, na sa wa akwatin sabon batir, na jona tsohuwar mitar, na murɗa zuwa na huɗu. Allurar ta buga uku, ta buga uku, ta ɗan tsaya.

Yarinyar ta ce, "Inna, ya lalace ne? Ya tsaya."

Na ce mata bai lalace ba. Kakarki ce ta cilla taɓarya sama, tana tafi.